Robar da Hure Ta Dafa

Hure matar Muntaka maƙwabciyata ce a ƙauyenmu, gabas da Zakirai, kuma tun da na san ta ba ta yarda da abu sai ta jefa shi a ruwa. Irin wake, sai ta zuba a ƙwarya ta kwashe wanda ya taso. A shekarun nan da tsada ta shaƙe mu, da aka fara cakuɗa takin zamani da yashi, ita ce ke jiƙa tafi guda a kofi ta ga abin da zai kwanta. Ni sarin wake nake yi ina kaiwa kasuwar Dawanau, ban taɓa awo a hannunta na tarar da mai ƙwaro ba.

Haihuwa bakwai ta yi cikin shekara goma sha biyu, biyar na raye. A ta bakwai jini ya ɓalle mata, sai da aka ƙara mata leda biyu. Likita ya faɗa wa Muntaka a gabanta cewa in ta sake ɗaukar ciki nan kusa, ba lallai ta tashi ba. Muntaka ya ce duk abin da ya kamata a yi. Ƙwayar tazarar haihuwa Hure ta san za ta manta, allura kuma sai an riƙa komawa, ga kuɗin mota ya ninka. Saura robar mahaifa, wadda ake sawa sau ɗaya ta yi shekaru.

Da ta yi arba'in na raka ta asibitin garinmu, don ni ma ina son ganin abin. Sista Asiya, mai kula da tazarar haihuwa, ta ɗauko ta nuni ta ɗora mata a tafi. Ba ta kai ɗan yatsa ba: fara, hannu biyu a buɗe, an naɗe ta da jan ƙarfe, ga zare biyu na reto.

"Sista, roba ce dai?"

"Roba ce."

"To ni Inna ba ta sauke tukunya ba."

Inna Iyatu, mahaifiyarta, ta rantse tunda 'yarta ta zubar da jini, wankan jego ba zai tsaya ba sai jaririya ta yi wata huɗu. Ruwa ne mai tafasa da ganyen darbejiya, safe da yamma.

"Bokitin roba ma da muka taɓa zuba ruwan, lanƙwashewa ya yi," in ji Hure. "In wannan ta narke a cikina fa?"

"Zafin a fata yake tsayawa, ba ya kai can. Ruwan ma ku riƙa sirkawa."

"Kin taɓa dafa ta?"

Sista ta yi dariya. "Ban taɓa ba."

"Ara mini."

"Wannan ta nuni ce, ba a sa wa kowa. Gobe ki dawo min da abata, ni ma in ji labari."

Da la'asar Hure ta ɗaure zaren robar a jikin kara ta zura ta a tukunyar wanka. Inna Iyatu ta leƙo.

"Yau kuma kifi ake kamawa a ruwan jego?"

"Gwaji ne, Inna."

Sai da runguma guda ta kara ta ƙone sannan ta cire. Ganye ya rina ta, amma hannuwan nan biyu suna nan a buɗe yadda suke. Hure ta danna da farce, ta ja zaren, ta miƙa wa uwarta. Inna ta juya ta ta sake juyawa.

"Wannan ɗan abin ne zai tsare min ke?"

"Da ikon Allah."

"To ki je."

Washegari muka koma asibiti, na zauna bayan labule, ina jin komai. Sista ta tambaye ta ko al'ada ta dawo, ko akwai ciwon mara ko ƙaiƙayi, ta gwada fitsari. Hure ta kwanta, aka sa ƙarfe mai kama da bakin agwagwa don a buɗe hanya.

"Shi wannan an dafa shi?"

"Shi kam kullum. Saki jikinki."

Sista ta auna zurfin mahaifa, ta ninke hannuwan sabuwar roba cikin siririn bututu, ta ce ta ja numfashi. Na ji Hure ta yi salati a hankali. Daga baya ta ce min murɗa ce irin ta al'ada mai ƙarfi, ta zo ta wuce. Aka rage tsawon zaren, shi ke nan. Ko tafasar shayi ba a kai ba.

Jiri ya ɗan ɗebe ta, ta zauna a benci. Sista ta ce za ta ga ɗigon jini da ciwon mara na 'yan kwanaki, ta sha panadol. Al'adar watannin farko za ta iya yin yawa. In ta ji zazzaɓi, ko ciwo mai tsanani, ko ruwa mai wari, ko ta laluba ba ta ji zaren ba, ta zo maza. In ba haka ba, sai bayan al'adar farko a duba. Ranar da take son haihuwa kuma, a cire.

Da yamma Inna ta ɗora tukunyarta kamar kullum, sai dai ta sirka.

Safiyatu, jaririyar nan, yanzu shekararta uku, ita ke kora kaji daga shanyar wake, kuma har yau ba ta da ƙani. Robar nuni tana nan a teburin Sista Asiya da rinin darbejiya a jikinta. Duk mai jegon da ta kawo zancen ruwan zafi, sai ta ɗora mata a tafi ta ce, "Riƙe ki gani. Ita ce Hure ta dafa."