Jinyar Ɗan Fari a Azare

Ɗan farina ya faɗi a babur a hanyar Giade, ƙugunsa ya karye. Lokacin ya haura shekara talatin. Matarsa tana Kano da tsohon ciki, don haka ni na taso daga Bulkachuwa na yi jinyarsa a asibiti a Azare. Sati bakwai.

A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa, ba ta kallon idonsa. Ana yaye shi aka kai shi wurin kakarsa. Ni “kai” nake ce masa. Shi Adda yake ce mini, kamar yayarsa.

Ranar da aka ce ya fara takawa da sanda, ya yi taku biyu ya zauna, hawaye na zuba.

Na ce, “Tashi. A gona naƙudarka ta kama ni, da ƙafata na koma gida.”

Akwai wata nas, Kirista ’yar kudancin Bauchi. Ta ce, “Haba Mama, go izi on him.”

“Zagina kika yi?”

“Wane ni. Cewa na yi ki sassauta masa. Kamar akuya in igiya ta shaƙe ta, ki ɗan saki kaɗan.”

“Shi ba akuya ba ne.”

“Shi ya sa. Maimaita Turancin mu ji, Mama.”

Na faɗa. Ta yi dariya, ta ce na ci jarrabawa. Turancina ke nan duk duniya.

Maganar ta zauna mini. Na daina yi masa faɗa. Ina dama masa fura, in ajiye, in fita baranda in zauna. Na ƙudura a raina ranar sallama zan kira sunansa, sau ɗaya, ya ji shi a bakina.

Ranar ta zo. Abokinsa ya kawo mota zai mayar da shi Kano. Na tsaya a bakin ƙofar motar. Ɗan nawa ya ɗago yana jira. Bakina ya ƙi.

Na ce, “Ka riƙe sandar da kyau.”

Ya ce, “To, Adda.”

Yanzu sai da Sallah yake bugo waya. Ya tambayi awaki, in ce suna nan. Ni kaɗai ce a gidan. Da safe in na je kwance su, nakan yi musu Turancin nan. Sunan kuwa har yau ban faɗa ba.