Kan Keken Warrick Pybus

Kowa a Derby ya san Warrick Pybus, wanda bai san sunansa ba ya san tumbinsa. Shekara da shekaru yana tuƙa motar katako a dajin nan namu na Tasmania, har bayansa ya ce ya gaji, ya ajiye aiki. Daidai lokacin ne aka sassare hanyoyin keke a duwatsun da suka kewaye garin, baƙi suka fara tururuwa daga Melbourne da Sydney da kekuna masu tsadar mota. Ni kuma na sayi bas na ɗaura mata tirela, ina kai mutane da kekunansu can ƙololuwa su gangaro da kansu. Sunana Murray. Aji ɗaya muka yi da Warrick a firamare, don haka duk abin da zan faɗa a kansa na riga na faɗa masa ido da ido.

Warrick ya shiga harkar keke da ƙarfinsa. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a wuya: kabon, baƙin abin nan mara nauyi da ake ƙera kayan kekunan 'yan gayu da shi. Ya shiga shagon Shona, mai gyaran kekunan garin, ya tambayi kuɗin kan keke, wato sitiyari, na kabon, ta faɗa masa, ya fito yana zage-zage shi kaɗai. Ba a daɗe ba sai ga kwali ya iso gidan waya daga wata uwa duniya, ba sunan kamfani, ba takarda, sai tef da aka naɗe shi da shi kamar an kama ɓarawo. A intanet ya tono masu sayarwa.

"Masana'anta ɗaya ce!" in ji shi, yana ɗaga mana sabon kan keken a bakin bas. "Da safe su manna wa 'yan Sydney tambari, da yamma su sayar mana ba tambari. Ku dai ku ci gaba da sayen fenti."

Na ce, "Wa ya gaya maka, Wazza?" Haka muke kiransa tun muna yara.

"Wani ne a intanet."

"Shi kuma wa ya gaya masa?"

"Kai dai tuƙa bas ɗinka, mutumina."

Daga nan kwalaye suka yi ta zuwa. Sandar sirdi, wili, feda, har 'yar ragar da ake saƙala gorar ruwa. Kowanne sai ya ɗora shi a sikelin da matarsa Noelene take auna fulawar kek, ya zo ya karanta mana sakamako. Zai ce sabuwar sandar sirdinsa ta rage wa keken nauyin ƙwai biyu, alhali ga mitfai, burodin nan mai nama a ciki, a hannunsa na dama, na hagu kuma yana jiran layi. Na ce masa ya haƙura da mitfai na wata guda ya rage nauyin keke sukutum. Ya ce tumbi gado ne, ba a taɓa gado.

Kada ka ce masa mai ganganci, sai ku ɓata. Shi a wajensa babu mai taka-tsantsan kamarsa, domin yana da gwaji. Duk kan keken da ya iso, sai ya jera akwatunan giya biyu a rumfar bayan gidansa, ya gitta shi a kai, ya hau da ƙafa biyu ya yi ta tsalle. In bai karye ba, ya ci jarrabawa. Sannan ya ɗaura shi a keke, ya kama noti da sifana ya murɗe, irin murɗar da ya saba yi wa tayar motar katako, sai ya ji abin ya yi ƙara hankalinsa yake kwanciya.

Ranar da Shona ta ji labarin gwajin nan, sai da ta dafe kai. "Warrick, kabon fa ba ƙarfe ba ne. Ƙarfe in ya gaji lanƙwashewa yake yi kana gani. Wannan ta ciki yake tsagewa ya yi gum da bakinsa, sai kana tsakiyar gangara ya rabe biyu. Mai kyau ma in ka yi masa wannan tsallen ka gama da shi, balle wanda ba a san uwarsa ba, ba a san ubansa ba."

Warrick ya juyo ya ƙifta mana ido. "Kun ji mai shago."

Abin haushin shi ne, babu abin da ya karye. Muka yi ta jira, shiru. Wani likitan haƙori daga Melbourne ya karya wilinsa mai tambari a gaban idonmu, Warrick ya wuce shi yana fito. Tun daga ranar bakinsa ya buɗe. A mashaya ba a gama kofi ɗaya bai kawo zancen masana'anta ba. Har wasu daga cikin masu yi masa dariya suka koma zuwa gidansa a ɓoye yana nuna musu inda ake saye. Mutumin da tun da ya bar aiki ba mai tambayarsa ko ƙarfe nawa, ga shi ya zama malami. Ni na san abin da wannan yake nufi a wajensa, shi ya sa tsokanata ba ta wuce ta baki.

Ni nake ɗora kekuna a tirela, ni na fara jin abin. Na kama kan kekensa zan ɗaga, sai na ji ƙis, 'yar ƙara siririya daga gefen noti. Na ce, "Wazza, ka ji kuwa?" Ya ce wayar birki ce. Amma ranar na ga yadda ya gangara, a hankali, kafaɗu a sandare, yana barin kowa ya wuce shi. Ya ji sarai. Zuwa wajen Shona kuwa daidai yake da ya tsaya a tsakiyar gari ya ce shekarun nan duk surutu yake yi. Sai ya aika a kawo masa wani kwalin, ya ci gaba da hawa kafin ya iso.

Noelene ta tare ni a bakin kanti. Mace ce mara yawan magana, ita ma takan taɓa keke, amma a hanyar bakin kogi, da wani tsohon keken ƙarfe mai kwando. Ta ce, "Murray, me ya sa mijina yake shiga rumfa yana kara kunne a kan keke?" Na gaya mata gaskiya. Ta ce to, ta ɗauki ledarta ta wuce.

Ranar Asabar bas ta cika, Shona ma tana ciki da wasu baƙi da za ta nuna wa hanya. Sai ga Noelene da hular kwano, tana turo mai kwandon nan. Ta ce yau ita ma za ta gwada 'yar hanyar masu koyo daga sama. Warrick ya yi ta washe baki yana gaya wa baƙi matarsa ce. Da muka isa sama na sauke kekuna, ta dubi nata, ta dubi gangaren.

"Wannan birkin nawa ba zai iya ba. Tsoho, ba ni naka. Kai ka bi Murray a mota."

Duk muka juyo muka dubi Warrick.

"Ai ya yi miki tsawo," in ji Warrick.

"Sauke sirdin."

Ya sauke, yana yi yana ɓata lokaci. Ya ce tayar ba iska. Shona ta matsa ta ce lafiyarta lau. Ya ce hadari ya haɗo. Muka ɗaga kai, sama tas.

"Ba kai kake cewa duk garin nan babu keke kamarsa ba?" in ji Noelene. "Masana'anta ɗaya ce, ko na ji ba daidai ba?"

Ta karɓe keken, ta ɗora ƙafa a feda, ta damƙi kan da hannu biyu, ta tura. Tayar gaba ta fara gangara ke nan Warrick ya yi wani tsalle da ban taɓa zaton tumbin nan zai yarda ba, ya cafko sirdin ta baya, har suka kusa zubewa tare.

"Sauka! Noelene, don Allah sauka. A tsage yake." Bai saki sirdin ba. "Kan ya tsage. Na daɗe da sani."

A gaban Shona, a gaban baƙi, a gaban waɗanda ya koya wa saye. Na zaci wani zai yi dariya, ni kaina na tanadi tawa shekara da shekaru, amma na neme ta na rasa. Tausayinsa ne ya kama ni.

Noelene ta sauka, ta cire hular. Ashe ita ma ba ta da tabbacin Warrick zai riƙe ta.

"Wato ni ba ka yarda in hau ba," ta ce a hankali. "To ni me na yi maka, Warrick, da kullum kake barina a gida kana zuwa kana hawa? In an kawo min kai a kwance, keken zan yi jinya ko kai?"

Ya sunkuya ya ɗauki keken da kansa ya mayar tirela, ya dawo ya ɗauki nata. Suka shiga kujerar baya suka zauna, ita tana kallon taga, shi yana riƙe da hularta a cinya. Na tayar da mota muka gangara, ban kunna rediyo ba.