Dokta Bara'atu, Jikar Masu Noman Rani

Duk ranar kasuwa, kafin rana ta ɗaga, za ka ga wata mata ta sauko daga motar haya a Goronyo riƙe da kula, irin wadda ake zuba zoɓo da ƙanƙara. Baƙi sukan tsayar da ita su ce a ba su mai sanyi. Sai ta yi dariya ta ce wannan ba na sha ba ne. Gaskiya ta faɗa, don abin da ke cikin kular fitsarin mutane ne, na kowa a 'yar kwalbarsa. Ita ce Dokta Bara'atu Lauwali Dinawa, malamar jami'a mai binciken ƙwayoyin halitta.

Da aka gina dam, ruwa ya kawo albasa da shinkafa da alkama, ya kuma ƙara wa tsargiya ƙarfi. Yaro ya yi fitsarin jini, a ce ai girma ne ya zo, a manta. Sai tsufa ya kama shi abin ya dawo masa da ciwon daji na mafitsara, kuma ba a kai shi Sakkwato sai ciwon ya gama cin jiki. Haka mahaifin Bara'atu ya tafi tana ɗaliba.

Abin da ta sa a gaba tun lokacin shi ne 'yan alamomin da ciwon ke bari a cikin fitsari, tun mutum yana jin kansa garau. Ta ƙare ƙuruciyarta a ɗakin gwaje-gwaje tana koyon gane su. Masana na nesa sun karanta abin da ta rubuta, sun yaba. Amma gwajin bai ba ta wahala kamar karɓo fitsarin ba. Wane dattijo ne zai miƙa wa 'yar cikinsa irin wannan kwalba?

Malam Mainasara, tsohon manomin albasa a Wurno, ya fi kowa kafewa. Matarsa Uwaliya ce ta ja Dokta gefe ta raɗa mata cewa ta sha ganin jini, shi kuwa ya hana a yi maganar. Da Dokta ta same shi a bakin kanal ɗin ban ruwa da kwalba, sai ya ɗaure fuska.

"Ke ɗiyar Lauwali, mi kika maishe ni? Lahiyata lau. Tashi ki ban wuri."

Ta tashi, amma ba ta haƙura ba. Ta koma Dinawa ta zauna da tsofaffi suna warware mata dangi, har ta gano cewa kakarta Sauda da Mainasara 'ya'yan wa da ƙanwa ne. Ashe jikarsa ce, kuma tsakanin kaka da jika babu kunya, sai wasa. Ta dawo ta same shi cikin abokansa a gindin mangwaro.

"Angona, ashe haka kake da rowa?" in ji ta. "Ban ce ka ban zane ba, ban ce ka ban awaki ba. Abin da kaka zubarwa bayan gida, shi ma ka hana amaryarka?"

Wurin ya kaure da dariya. Tsoho ya ɗaga sanda kamar zai buge ta, amma ina, kaka ba ya fushi da jika a gaban jama'a. Ya fizge kwalbar yana ƙunƙuni.

Gwaji ya nuna alamar. Ba ta aiko kowa ba, ita ta zo da kanta, kuma ranar babu wasa. Ta zauna a gefen tabarmarsa ta gaya masa komai. Ya ce a bari ya cire albasa tukuna.

"Baba," ta ce, hawaye na zubo mata, "haka ubana yac ce. Ba ni iya sake binne wani don albasa."

Da safe ya shiga mota. Likitoci suka sami wani ƙari a mafitsararsa da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, suka cire shi. Bayansa dattawan Rabah da Gandi da Lahodu suka fara aikowa da kwalabensu, wasu har suna neman a duba ko su ma suna da dangantaka da kakarta.

Dokta Bara'atu, ke ce kika ɗauko ilimin da ake rufewa a ɗaki mai sanyi kika kai shi bakin kanal. Ke ce ba ki taɓa karɓar kwalbar mutum kika ɓace masa ba, mai daɗi ko marar daɗi sai kin koma kin faɗa masa ido da ido. Ba a kira sunanki a rediyo ba, amma gidaje da yawa suna da uba yau saboda ke. Mun gode, Allah Ya saka miki, Ya jiƙan Malam Lauwali. Ku kuma 'ya'yanmu masu karatun kimiyya, in kun gano abu, ku dawo da shi gida, ku nemi hanyar da iyayenku za su karɓa.

Da Malam Mainasara ya ji ana shirin rubuta wannan, sai ya ce kada a manta da tasa. "Ku rubuta yarinyar ga ba ta da kunya ko kaɗan. Da tana da ita, da yanzu ciyawa ta ruhe kabarina."