Yaya, Na Daina Ce Mata Famfo

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga wannan wata, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayata, bayan gajeriyar jinya.

Yaya, tun da muka dawo daga makabarta mutane ke shigowa suna cewa na riƙe ki da kyau. Kaina a ƙasa nake amsawa. Da mahaifiyarmu ta rasu, ke kika goya ni. Da na ajiye karatu na ce gyaran famfo zan koya, ke kika saya mini sifana ta farko ta kwance noti, kika ɗinka mini jakar kayan aiki a kan kekenki. Yau ina da shago da ma'aikata, kuma na sha faɗa a gaban jama'a cewa ba wanda ya ɗaga ni. Kina zaune kina ji, ba ki taɓa gyara mini zance ba.

Bara, autata tana shekara biyu da wani abu, ta kama fitsari ba ƙaƙƙautawa. A ɗora ta a fo, a sauke, ta sake jiƙa wando, ga kofi ba ya barin hannunta. Na laƙaba mata suna Famfo, gida ya ɗauka, ana ta dariya. Uwarta ta ce a je asibiti. Na ce ni za a koya wa harkar ruwa? Abin da ya shiga bututu shi ke fita, a rage mata sha kawai. Da hannuna na ɗora jarkar ruwa a saman kabad.

Da kika zo kika ɗauke ta, ba wandon kika duba ba. Rigar da kika ɗinka mata kwanan baya ce kika ga tana yawo a jikinta. Kika sauko da jarkar, ta sha har tana haki. Na fara yi miki bayanin bututu, sai kika ja ni bakin ƙofa, inda matata ba za ta ji ba.

"Kai da ka yi fitsarin kwance har ka shiga firamare, na taɓa sa maka suna? Ɗauko mota."

Likita ya auna fitsarinta da jininta, ya ce ciwon suga ne irin na yara, kuma hana ta ruwa ya kusa jawo abin da ba a fata. Ya ce yaro kan yawaita fitsari don shan ruwa kawai, amma in abin ya haɗu da ƙishirwa marar yankewa, ko rama, ko kasala, ko zazzaɓi, ko kuka wajen yinsa, ba a jira. Ya tambaya wa ya lura. Kika ce, "Babanta ne." Na kasa ɗaga ido.

Tun daga nan allura ta zama abokiyar rayuwarta. Uwarta ke yin ta safe da ta yamma, ke kike yin ta rana in ta tafi aiki. Ni kuwa, da an buɗe firji za a ɗauko magani, sai in tuna ana nemana a shago.

Jiya uwarta ta koma aiki, bayan ta nuna mini komai. Na rufe shago na dawo. Na ɗauko allurar rana, na kai ta kusa da cinyar yarinya. Ta dube ni ta ce Gwaggo takan hura wurin tukuna. Na hura, na yi mata. Ta yi kuka kaɗan. Ni na fi ta.

Allah Ya gafarta miki, Yaya. Ya rufa miki asiri yadda kika rufa mini, Ya shayar da ke yadda kika shayar da 'yata, Ya haskaka makwancinki. Ga mijinki da 'ya'yanki da sauran dangi, Allah Ya ba mu haƙurin rashinki. Ƙaninki ne, wanda kika ɗaga.