A Kunne Take

Mota ta taka ni a wajen Likoro, kuma ni ne direbanta. Babu kowa a ciki. Wannan abu ba zan manta da shi ba har in koma ga Allah. Ko na so mantawa, ƙafata ta hagu tana tuna mini kowace asuba.

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina jan gingimari. Rake, mazarƙwaila, tumatir, masara, babu abin da ban kai Kudu ba. Sau biyu na kife. Sau ɗaya 'yan fashi suka kwantar da ni a kan kwalta. Duk na tashi na kaɗe riga na ci gaba. Ban yi boko ba, kunnena ne makarantata. Mota ta wuce daga nesa, in gaya maka ciwon da ke damunta. A tashar Makarfi har Mai Kunne ake ce mini.

Sai tsufa ya zo, masu motoci suka daina nemana. Shekara biyu ina ɗumama benci. 'Yan kamasho suna cewa, "Baba, ka huta haka, hanya ta yara ce yanzu." Ba abin da nake so a lokacin kamar in sake shigowa tashar nan riƙe da sitiyari, su gani da idonsu.

Ana haka 'yar ƙanina ta kira ni a waya. Nas ce a Legas. Sunan mahaifiyarmu aka sa mata, don haka Uwata nake ce mata. Ta ce ta sayi mota, tana so ta kawo ta gida, amma ba ta taɓa yin doguwar hanya ba. Kafin ta rufe baki na ce ga ni nan. Na bi ta tasha na sanar da kowa ranar da zan dawo a mota. Ba wanda ya tambaye ni.

Motar 'yar ƙarama ce, fara, sumul. Na zauna ina neman inda ake zura makulli, babu. Ta ce in taka birki in danna wani maɓalli. Na danna. Shiru. Na sake dannawa.

"Baffa, ka kashe ta."

"Da ma ta tashi ne?"

"A kunne take ɗazu."

"Kunnen wa? Nawa dai bai ji komai ba."

Ta yi dariya. Ta ce irin wannan haibirid ake ce mata, tana aiki da mai tana aiki da batir, suna karɓa-karɓa. In an tsaya sai injin ya yi shiru, in ya ga dama ya tashi da kansa. Ta nuna mini wani koren rubutu a cikin tarin rubuce-rubucen da ke gabana, ta ce muddin yana ci, motar a kunne take. Ta ƙara da cewa kada in taɓa fita sai na mai da giya can sama.

"Ka gane, Baffa?"

Ban gane wanne ne rubutun ba. Duk ɗaya suke a idona, kamar sawun kaji. Amma yarinyar da na goya a kafaɗa ce za ta koya mini mota? Na ce, "Uwata, ina tuƙi tun ubanki yana yawo ba wando." Ta ce, "Allah ya huci zuciyarka." Karatun ya ƙare a nan. Babban malami ya kori ɗalibarsa.

Muka ɗauki hanya. A cunkoson Ibadan na kusa mutuwa sau ashirin. Ina taka birki sai motar ta yi tsit, gabana ya faɗi, in fara duba gefen titi ina neman masu turi. Ina ɗage ƙafa sai ta sulale kamar maciji. Ƙafata ta hagu kuwa sai lalube take yi tana neman kuloci. Mota ba kuloci, ba ƙara, ba hayaƙi. Na ce, "Wannan ba mota ba ce, munafuka ce. Mai gaskiya ba ya tafiya a ɓoye." Abu ɗaya ta iya, shi ne tsiwa. Ba ka ɗaura bel ba, ƙiii. Ka matso kusa da wani, ƙiii. Tun kafin Ilori na daina sauraronta.

Sai maganar mai. Mun wuce Jebba allura ta ƙi sauka yadda na sani. Na ƙwanƙwasa gilashin da yatsa.

"An cuce ki. Allurar nan ta mutu."

"Lafiyarta lau. Haka take, ba ta shan mai sosai."

"Motar da ba ta shan mai, azumi take yi?"

Na tilasta muka shiga gidan mai a Mokwa. Mai zuba man bai gama gaishe ni ba tanki ya cika. Uwata ta danne dariya. Ta kalli taga kawai, kafaɗunta suna rawa. A nan muka kwana.

Gaskiya guda zan faɗa, ko da ba na so. Washegari har muka wuce Kaduna bayana bai yi ciwo ba. Sanyi na busa ni, ba zafin inji a gwiwa. Na fara jin kamar ni na ƙera motar. A raina ina ta shirya yadda zan shiga tasha: hannu ɗaya a sitiyari, gwiwar hannu a taga, ba zan kalli kowa ba.

Bayan la'asar muka bar Zariya. A wajen Likoro ta ga masu rake a bakin hanya, ta ce in tsaya ta saya wa yaran gida. Na sauka daga kwalta, tayar gaba ta tokare da wani ɗan tudun ƙasa, motar ta tsaya cak. Uwata ta fita. Motar ta yi shiru.

To, a nan shekara talatin ta yi aikinta. A wurinmu motar da ta yi shiru ta mutu. Kuma direban ƙwarai ba ya barin mota sai a cikin giya, don kada ta gangara. Na bar ta a giyarta. Na ɗage ƙafa, ba ta motsa ba, tudun ya riƙe ta. Na buɗe ƙofa, ta kama ƙiii, ƙiii, ƙiii, kamar ana yanka ta. Na ce, "Ke dai ba ki da aiki sai surutu." Sau ɗaya ke nan ta yi mini magana a kunne, Mai Kunne ya ƙi ji.

Me ya fitar da ni? Ba fitsari ba, ba salla ba. Tsumma na ɗauka, na durƙusa a gabanta ina goge mata fitila da lamba, don ta yi ƙyalli idan mun shiga tasha. Ina cikin yi mata kwalliya na ji injin ya tashi da kansa. Na san wannan ƙara, daɗi ma na fara ji. Kafin in miƙe ta haye tudun, ta ture ni, taya ta hau ƙafata. Na ji ƙas. Wannan ma kunnena ya gane shi, bai yi kuskure ba.

Uwata ta watsar da rake ta faɗa ciki, ta taka birki, ta ja baya. Masu rake da wani Bafulatani suka janye ni. Ba ta yi kuka ba. Ta sa aka datse rake biyu, ta ɗaure ƙafar da su da mayafinta.

"Baffa, ba ka ga koren rubutun ba?"

Na ce, "Uwata, ban iya karatu ba."

"Na sani. Shi ya sa na tambaye ka ko ka gane."

Na ce a kai ni wurin mai ɗori. Ta ce yau ita ce direba. Ta juya Zariya, asibiti. Wata guda na yi a kwance.

Ranar da aka sallame ni, ita ta kawo ni Makarfi, ina miƙe a kujerar baya da sanda a gefe. Hanyar gidanmu ta gaban tasha take. Na ce, "Ki bi a hankali, tun da munafukar ba ta ƙara, ba wanda zai ji mu." Haka aka yi, har mun kusa wucewa ba wanda ya ɗago. Sai wata akuya ta shiga gabanmu, dole ta danna hon. Tasha duka ta waiwayo. Suka taso da gudu. Wani ya leƙo ta taga ya ce, "Sannu, Baba. Ashe ka cika alkawari, ka shigo a mota."

Abin da na koya ba shi da yawa. Shiru ba mutuwa ba ne. Kuma idan aka tambaye ka ko ka gane, ka ce a'a. Ni na ɓoye "a'a" guda ɗaya, na biya da ƙafa.

Yanzu ina tashar Makarfi, a bencin da na tsana, ina kiran fasinjan Ikara da Zariya. Ƙafar hagu ta gaza ta dama tsawo da faɗin yatsa biyu, ba za ta sake taka kuloci ba. Sunan ma sun gyara shi. Ba Mai Kunne ba ne yanzu. Da na sauko daga babur sai ka ji, "A Kunne Take ya iso." Ina amsawa.