Farin Layin da Baba Kunkuru Yake Ja a Kan Noti

Abin da na ɗauko a bayan mota: takardar kamfani, shafi biyu. Kwali ɗaya na sababbin kusoshi da notuna. Sifanar awo, mai nuna ƙarfin ɗaurin noti. Tocila. Hular da Inna ta ce in kai wa Baba Kunkuru, tunda ranar zai ajiye aiki. Tafiyar awa uku ce daga babban ofis zuwa tashar 'yan kwana-kwana inda yayana yake tuƙi, kuma ban tsaya ko'ina ba.

Baba Kunkuru bakanike ne. Shekara talatin da ɗaya yana isa tashar kafin kowa. Ya shimfiɗa kwali a ƙasa, ya kwanta rigingine, ya ja jiki ƙarƙashin mota da ƙaramar guduma a hannu. Kowane noti sai ya ƙwanƙwasa ya saurara. Daga nan ya buɗe gwangwanin farin fenti, ya tsoma tsinke, ya ja layi daga kan notin zuwa jikin ƙarfen da ya riƙe. Idan notin ya juya ko da kaurin gashi ne, gobe layin zai rabu biyu. Wannan kwanciya da wannan jinkiri su suka ja masa sunan. Bai taɓa nuna ya ji haushi ba.

Mai gadin tashar ya shaida mini ya taɓa ganin sa ya tsaya a tsakiyar ƙofa, mota na jiniya, ya ɗaga hannu, don ya hango ɗigon man birki a inda ta tashi. Yayana kuwa cewa yake: "Tsohon nan ko matarsa ce ta miƙo masa kofi sai ya ƙwanƙwasa ya ji ko ya kwance."

Bara aka kawo musu sababbin motoci uku, manya, kowacce tankinta ya ninka na tsohuwar motarsu. Aka yi murna, aka ɗauki hotuna. Wata biyu bayan nan Baba ya ga layinsa ya rabu a notunan da ke ɗaure sifirin da ƙarfen tayoyin baya. Ya ɗaure. Suka sake kwancewa. Ya rubuta wa shugaban tashar da hannunsa, sau uku. Amsar da ya samu ita ce sabuwar mota ba ta ciwo.

Wata ranar Talata da safe ya tarar biyu daga cikin motocin sun tafi atisaye a wani gari, ta ukun kuma notuna huɗu sun yi sako-sako, kusa ɗaya ta tsage. Ya cire batirin, ya kulle a akwatinsa. Da azahar ƙararrawa ta kaɗa: gobara a layin kafintoci. Yayana ya haye, ya murɗa makulli, shiru.

"Baba, ina batir?"

"Ba za ta fita ba."

"Wuta ce fa, ba biki ba!"

"Na ji. Ku ɗauki tsohuwar."

Yayana ya ci kwalarsa. Shi da bakinsa ya faɗa mini, kansa a ƙasa. Suka fita da tsohuwar motar. Ruwanta ya ƙare sau biyu. Shaguna goma sha ɗaya suka ƙone, kuma wani dattijon kafinta da ya koma ciki ɗauko kayan aikinsa bai fito ba.

Baba ya je jana'iza. Ɗan mamacin ya tare shi a bakin layi ya ce, "Koma ka kwanta ƙarƙashin motarka." Ya koma. A ofis aka ba shi takardar tuhuma, aka raba shi da garejin, aka mayar da shi wankin mesar ruwa. Motocin suka ci gaba da fita, wani na ɗaure musu noti idan ya tuna. Wata huɗu ke nan. Da safe har yanzu Baba yakan lallaɓa ya ja layinsa kafin shugaban ya iso, mai gadi yana duba masa hanya.

Ni shekara tara na yi a waje ina karatun injiniya, kuma makon da na kama aiki a babban ofishin 'yan kwana-kwana aka ba ni tire cike da wasiƙun da ba wanda ya buɗe. A ciki na samu takardar kamfanin da ya ƙera motocin. Tana cewa notunan sifirin na wannan samfurin suna kwancewa, ƙarfen tayoyin baya na iya zamewa idan tanki ya cika, a tsayar da motocin sai an canja kayan. Na duba hatimin ranar da ta iso. Mako bakwai kafin gobarar.

Na sami Baba a bayan tashar yana naɗe mesa. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa hular, sannan na karanta masa takardar. Ya saurara har ƙarshe.

"Sun ce kusoshi nawa?"

"Takwas a kowace mota, Baba."

"Goma ne. Akwai biyu a sama, sai ka sa hannu za ka ji su."

Muka shiga ƙarƙashi tare. Goma ne. Na haska tocila a motar yayana, na ga layin jiya ya riga ya rabu a uku daga ciki. Na ɗora sifanar awo, wadda na sha jarrabawa a kanta, ta gaya mini abin da tsinke da fenti suka riga suka faɗa.

Hanyar layin kafintoci gangara ce, da kwana a ƙasanta, makarantar firamare kuma a kan kwanar. Ranar gobarar mutum shida ne za su hau motar, da tanki cike, a lokacin tashin yara. Ba zan ce ga abin da zai faru ba, domin ban sani ba. Na faɗa masa hakan a ƙarƙashin motar.

Ya ce, "Ni ma ban sani ba, ɗana. Mutumin nan dai ya mutu, kuma ni na cire batir. Kullum ina ganin sa. Amma notin ya kwance."

Baba, kai ne ka karanta wasiƙar nan a jikin ƙarfe alhali tana kwance cikin tire. Kai ne ka zaɓi a zage ka da a ɗauko yayana a makara. Haɗarin da ka hana ba shi da gawa, ba shi da hoto, shi ya sa ba mai gode maka. Wanda ba ka iya hanawa ba kuwa, kai kaɗai aka ɗora wa. Inna tana da 'ya'ya biyu yau. Na gode. Na rubuta wa babban ofis a janye takardar tuhumar, ban sani ba ko wannan wasiƙar za a buɗe ta. Kafin nan, ga shi na rubuta a inda mutane za su gani.

Ku kuma da kuke da wani abu a hannunku da rayukan mutane suka rataya a kai, ku sami tsinkenku da fentinku. Ku kuma buɗe wasiƙu.

Bikin sallamar bai kai minti ashirin ba. Aka ba shi agogon bango. Yayana ya ɗaukar masa akwatin kayan aiki har bakin titi, sannan ya ce, "Baba, a yafe kwalar nan." Baba ya ce, "Rigar ma ta tsufa." Gwangwanin fentin ni ya bar wa.

Kwalin da na kawo mota ɗaya kawai ya isa, ita muka gyara. Shugaban tashar ya biyo ni gareji.

"Injiniya, a ɗaure sauran biyun a ci gaba mana. Idan wuta ta tashi gobe fa?"

"Ga wadda aka gyara, ga tsohuwar."

"Ka san abin da za a kira ka a garin nan?"

"Na sani, yallaɓai. Na ga wanda aka kira."

Na cire batiran sauran biyun. Na ja ƙofar garejin da suke ciki har ta haɗu, na sa kwaɗo, makullin a aljihuna. Ba za su fita ba sai kayan sun iso.