Tia Zuleide da Tukunyar da Ta Riƙe Ƙungiya

Duk ranar Juma'a da yamma Zuleide takan jiƙa baƙin wake, ta jiƙa busasshen nama a wani kwano don gishirinsa ya fita. Asabar da sassafe, kafin jirgin ƙasa ya fara kwashe mutanen unguwar Madureira zuwa tsakiyar birnin Rio, ta riga ta ɗora tukunya. Sai ta share tsakar gida, ta jera kujeru a gindin mangwaro, ta yanka ganye da lemun zaƙi, ta soya garin rogo. Kowa a unguwar yana ce mata Tia, wato gwaggo, har waɗanda suka girme ta.

A tsakar gidan nan ƙungiyar Caju Azul ta yi sama da shekara talatin tana gwajin kiɗa. Yau ana yabon yadda suka haɗa gangunan samba da busar jaz da jitar fank har abin ya zama nasu. Ana buga hotunansu, ana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya a rediyo. Ba a taɓa kiran nata ba, kuma abin yana ba ni haushi.

Tia tana da doka guda: ba a buɗe tukunya sai makaɗa sun kai waƙa ɗaya ƙarshe tare, ba wanda ya tsaya, ba wanda ya yi zuciya. Da farko sun ɗauka wasa take yi.

Maƙwabta har yanzu suna ba da labarin Asabar ɗin da ƙungiyar ta kusa watsewa. An gayyace su babban biki a cikin gari, karon farko, saura mako guda, sai rigima ta ɓarke tsakanin Valdomiro mai babbar ganga da Edmilson mai busa ƙaho.

Valdomiro ya jefar da gula ya ce, "Kai in ka fara busa sai ka tafi yawon duniya. Masu rawa su tsaya jiranka kamar masu jiran bas?"

Edmilson ya ce, "To ai gara ni ina zuwa wani wuri. Kai tun haihuwarka dum, dum ɗin nan kaɗai ka sani."

"Dum, dum ɗin ne ya rene ka, mara kunya."

Edmilson ya rufe ƙahonsa a akwati, masu busa suka miƙe tare da shi. Kowa ya san in suka fita ƙofar nan ba su dawowa. Sai dai rana ta yi tsaka, ƙamshin wake ya cika gidan, kuma ba wanda ya karya kumallo, don ba mai hankalin da zai ci wani abu kafin girkin Tia.

Edmilson ya sassauta murya ya ce, "Tia, a ɗan zuba mana mu tafi da shi."

Ta jawo kujera ta zauna a gaban murhu, ludayi a cinyarta. Ta ce, "Ɗana, ƙofa a buɗe take, tukunya ce a rufe. Ni ban ji waƙa ba."

"Tia, ƙungiyar ta mutu fa."

"To matattu ba sa cin wake."

Suka yi tsaye cirko-cirko. Jurandir mai jita, wanda shi ba ruwansa da rigimar sai cikinsa, ya fara kaɗa igiya a hankali. Aka fara waƙar, ta lalace, Tia ko ɗaga kai ba ta yi ba. Aka sake. A karo na gaba yunwa ta koya wa Edmilson abin da faɗa ya kasa koya masa: ya yi busarsa gajeriya mai kaifi, ya dawo gida da wuri. Valdomiro kuwa, don tsoron kada a sake daga farko, ya riƙa barin masa 'yar kafa tsakanin bugu da bugu, jitar Jurandir ta riƙa kutsawa ta nan. Kafin su ankara mata sun cika bakin katanga suna rawa da zannuwan shanya a hannu. Wannan kiɗan suka kai biki, kuma shi duniya ta san su da shi har yau.

Ke ce, Tia Zuleide, uwar makaɗa, mai ludayin da ya fi sandar alƙali. Ke kika san masu baiwa da yawa girman kai ne ke kashe su, kika tsare ƙofa ba tare da kin rufe ta ba. Ba ki taɓa riƙe gula ba, amma da ba ki zauna a kujerar nan ba, da yanzu Caju Azul labari ce.

Yanzu gwiwoyi sun ce ya isa, ta sauka daga girki. Mun gode, Tia, godiyar da ta daɗe tana jiran a faɗe ta. Duk mai tsakar gida da tukunya ya duba ko akwai wasu masu baiwa a unguwarsa da ke shirin rabuwa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ya zaunar da su.

Asabar mai zuwa ƙungiyar za ta yi kiɗa a gabanta, cikakkiya, ba wanda ya fita. Valdomiro da Edmilson, da furfurarsu, su ne suka ɗauki nauyin girkin. Tun jiya suke gardama a kan gishiri, kuma Tia ta ce ba za ta raba su ba.